Kwana uku a Bath cikin tufafin zamanin Jane Austen

Tikitin daren rawa ake fara nema, kafin yadi, kafin masauki, kafin kujerar jirgin ƙasa. Bikin tunawa da marubuciya Jane Austen da ake yi a birnin Bath, kudu maso yammacin Ingila, cikin watan Satumba yake faɗowa, amma watanni kafin lokacin ake sakin tikiti a intanet, kuma na rawa ne ke fara ƙarewa saboda zauren yana da iyakar mutanen da zai ɗauka. Kowane abu da nasa tikitin: zagayen gari daban, koyon rawa daban, lacca daban, liyafar dare daban. Tun 2001 ake wannan biki, kwana goma yake ci, sai dai yawancin masu zuwa daga nesa ƙarshen makon farko suke kamawa, Juma'a zuwa Lahadi, domin ranar Asabar ɗin ce ake babban zagaye cikin tufafin zamanin da. Shi muka kama mu ma, mu huɗu, mata biyu maza biyu.

An haifi Jane Austen ranar 16 ga Disamba 1775 a ƙauyen Steventon, ta rasu a Winchester ranar 18 ga Yuli 1817 tana da shekara 41, wato a shekarar da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rasu a Sakkwato, ga mai son ya gane wane zamani ake magana. Littattafan ƙagaggen labari shida ta kammala. Huɗu sun fito tana raye ba tare da sunanta a bango ba, biyu kuma sai bayan rasuwarta. Ta zauna a Bath daga 1801 zuwa 1806, kuma biyun ƙarshen nan, Northanger Abbey da Persuasion, babban kaso na labarinsu a titunan Bath yake gudana. Wanda zai je, waɗannan biyun ya kamata ya karanta kafin ya tashi, ko da ya san sauran. Zamanin kuwa na riƙon ƙwarya ake ce masa, domin daga 1811 zuwa 1820 Sarki George na Uku yana fama da taɓin hankali, ɗansa Yarima ne ke riƙe masa sarauta. A wajen sutura masu biki sukan faɗaɗa shi, su karɓi duk salon da aka yi yayi daga wajen 1795 zuwa 1820.

Wata uku kafin tafiya muka fara ɗinki, kuma bai yi yawa ba. Kuskuren da kusan kowace mace ke yi a karon farko shi ne ta fara da rigar sama, alhali ita ce ta ƙarshe. Ana farawa da shimi na auduga ko lilin, iya gwiwa, yadi biyu zuwa biyu da rabi. A kansa ake ɗaura gajeriyar ɗamarar ƙirji, wadda aikinta ɗaga ƙirji sama da miƙar da baya, ba matse ciki ba. Sai an sa waɗannan biyun sannan tela zai auna. Dalili kuwa, ƙugun rigar zamanin a ƙarƙashin ƙirji yake daidai, kuma ɗamarar kan ɗaga wannan layin da santimita uku zuwa biyar. Rigar da aka auna a kan rigar mama ta zamani, ranar da aka sa ta a kan ɗamara sai ƙugun ya zauna a inda bai dace ba, wuyan ya yi rami, hammata ta ja. Ɗamara mai zariya ta gaba ta fi mai zariya ta baya ga wadda ba ta da mai taya ta shiri.

Na uku shi ne fatari, dogo har idon sawu, kuma dole ya kasance da maratayi a kafaɗa. Tunda a ƙarƙashin ƙirji ake ɗaure shi, babu ƙugun da zai tokare shi, tafiyar minti goma ta isa ya zame ya leƙo ta ƙasan riga. Ba a kuma tsallake shi, domin yadin rigar shara-shara ne, rana na haskowa ta baya komai ya bayyana.

Yadin da matan zamanin suka fi so shi ne farar auduga mai laushi da ake kawowa daga Indiya, musamman saƙar Dhaka, irin harsar rawani amma ta fi ta santsi. Yau boyal na auduga zalla, marar nauyi, yana tsayawa a madadinta. Sari na Indiya ma yana yi sosai: tsawonsa mita biyar da rabi, adon bakinsa ya zama adon ƙasan riga ba tare da an ƙara komai ba. Idan faɗin yadin santimita 115 ne, a sayi mita biyar zuwa shida. Idan 150 ne, huɗu sun isa. Shadda ba ta yi, ta cika tauri, tsayawa take yi maimakon ta zubo. Atamfa ma haka, ga shi zanenta ya yi girma, na zamanin ƙananan furanni ne ko ɗigo-ɗigo ko siraran layuka. Yadin roba mai ƙyalli kuwa yana riƙe zafi, kuma a hoto ana gane shi daga nesa. A wanke yadi a goge kafin almakashi ya taɓa shi, saboda auduga na tsukewa, mita guda kan rasa santimita uku zuwa biyar a wankin farko.

Wurin da rigar ke yin kyau ko ta lalace shi ne tattara. Gaban siket ɗin kusan a miƙe yake, tattarar duk a tsakiyar baya ake tara ta, cikin tazarar da ba ta wuce tafin hannu biyu ba. Telan da bai saba ba zai rarraba ta ko'ina daidai wa daida kamar yadda ake wa rigar yara, sai mai rigar ta fito kamar mai juna biyu. Haka ta faru da ɗinkin gwajinmu na farko, wanda muka yi da akoko mai araha, kuma amfanin gwajin ke nan: a ɓata akoko, kada a ɓata boyal. Bayan rigar ƙarami ne, an tura ramin hannu can baya, shi ke jan kafaɗa ta miƙe. Faɗin ƙasa mita biyu zuwa biyu da rabi, wanda ya kasa haka yana hana taku. Babu zif, babu roba. Zariya biyu ce, ɗaya a wuya ɗaya a ƙugu, ko kuma ƙananan maɓallai. A rataye rigar kwana guda kafin a yi kalmasa, domin yadi mai laushi yana saki, sannan a yanke ta yadda za ta tashi daga ƙasa da santimita huɗu ko biyar tare da takalmin da za a sa.

A kan riga da rana ana ɗora 'yar kwat mai dogon hannu da ke tsayawa daidai ƙugun rigar, sifensa suke ce mata. Mita ɗaya da rabi zuwa biyu na ulu ko karammiski, da shafi. Wannan ba ado kawai ba ne: da safe a Bath cikin Satumba sanyi kan kai digiri goma, da rana ma yawanci wajen sha takwas yake tsayawa, ga yayyafi ba sallama. Hular rana ana iya yin ta daga malafar kaba mai laushi. A yanke kusan kashi ɗaya cikin uku na bakinta ta baya don ta zauna a ƙeya, amma kafin a yanka sai an bi layin da ɗinkin keke sau biyu, a yanka a bayan ɗinkin, in ba haka ba saƙar warwarewa take yi. A naɗe bakin da ƙyalle, a ɗora ribon mita biyu ta saman kai ya sauko a ɗaure a ƙarƙashin haɓa.

Ga mace mai rufe jiki, wannan zamanin ya fi yawancin zamunnan Turawa sauƙi, kuma ba sai ta saɓa wa tarihi ba. Da rana matan lokacin suna sa 'yar ciki mai dogon wuya da ke cike buɗaɗɗen wuyan riga, matan aure da manya suna sa farar hular leshi a ƙarƙashin ta kaba, ga mayafi babba irin na Kashmir. Da dare kuma naɗin kai irin na rawani yayi ne sosai a lokacin. Gyalen siliki mita biyu, faɗin rabin mita, a kan 'yar hular auduga don kada ya zame, da fil huɗu ko biyar. Wadda ta iya ɗaurin ɗankwali minti biyar ya ishe ta. Dogon hannu a rigar dare ma an yi shi a shekarun bayan 1810.

Kayan maza sun fi tsada da wuyar ɗinki. Taguwa fara mai tsayayyen wuya da ke taɓa haɓa, mita uku na lilin ko auduga. Falmaran. Wando mai murfi a gaba, wanda ƙugunsa ke hawa sama da cibiya, maratayi biyu na riƙe shi. Wandon zamani ba ya maye gurbinsa, saboda gaban kwat ɗin gajere ne, sai a ga taguwa ta bulluƙo tsakanin falmaran da wando. Falmaran ɗin ya leƙo ƙasan kwat da santimita uku zuwa biyar, haka ake so. Da rana dogon wando da takalmin but, da dare wando iya gwiwa da farar doguwar safa da takalmi marar tudu. Safar zamewa take yi a tsakiyar rawa idan ba a ɗaure ta da maɗauri a ƙarƙashin gwiwa ba.

Kwat mai jela muka yi haya, tare da doguwar hula, domin ɗinkinta aikin ƙwararre ne, akwai cikon ƙirji da na wuya da sai da hannu ake yi. Masu ba da haya suna neman awon ƙirji, ƙugu, tsawo da kewayen kai da santimita, kuma matsakaitan awo su ke fara ƙarewa. Zanen aro dai ba ya rufe katara: ɗaya daga cikin namu hannunta ya gaza da kusan yatsa uku, muka rufe da bakin hannun taguwa. Ƙyallen wuya kuwa mutum ya yi nasa. Farin lilin, tsawo mita ɗaya da rabi, faɗi santimita 25 zuwa 30, a ninka shi gida uku. A dama garin sitaci cokali guda a rabin litar ruwa, a tafasa har ya yi haske, a tsoma, a goge da sauran danshi. Ana fara ɗora tsakiyarsa a maƙogwaro, a kewaya baya, a dawo gaba a ƙulla. Idan ƙullin farko bai yi ba, ƙyallen ya riga ya karye, ba ya gyaruwa sai an sake guga. Uku-uku muka ɗauka, biyu-biyu muka yi amfani da su.

Daga tashar Paddington ta Landan zuwa Bath Spa tafiyar awa ɗaya da kusan minti ashirin ce. Masaukan Bath suna cika da wuri a wannan makon, kuɗinsu ya hau. Bristol na nan kusa, kwata na awa a jirgi, sai dai mai kwana can ya duba lokacin jirgin ƙarshe kafin ya shiga rawar dare. Yammacin Juma'a na guga ne da gwaji. A sa komai daga shimi har hula, a zauna, a tashi, a hau matakala, a ɗaga hannu sama. Abin da zai tsinke gara ya tsinke a ɗaki, inda akwai allura da zare.

Shirin safiyar Asabar awa guda yake ci wa mace. Safa da takalmi ake fara sawa kafin ɗamara, domin bayan an ɗaure sunkuyawa wahala ce. Rigar ba ta da aljihu, sai 'yar jaka mai zariya da ake rataye a hannu, wadda waya, katin banki, filasta da fil kaɗan kawai take ɗauka. Lema ta ruwa a riƙe ta daban, ta adon rana ba ta tare ruwa.

Hanyar zagayen na iya sauyawa daga shekara zuwa shekara, saboda haka abin da ke cikin jadawalin bana shi ne abin bi. Mu a filin ciyawa na gaban Royal Crescent muka taru da hantsi, gaban jerin gidaje talatin da aka gina kamar jinjirin wata tsakanin 1767 da 1775. A isa da kusan awa guda kafin tashi. Ciyawar da raɓa, kuma a nan ne takalmin ƙyalle ke fara jiƙewa, shi ya sa na fata mai rufe idon sawu ya fi dacewa da rana, na rawa a ajiye shi sai dare. Sanƙira da sojoji masu jajayen kwat ke gaba, jama'a na biye bibbiyu ko uku-uku. A 2014 an ƙirga mutum 550 cikin irin wannan shiga, abin da ya shiga kundin Guinness. Tafiyar a hankali ake yin ta, da tsaye-tsaye, kusan awa guda. Titunan shimfiɗar dutse ne mai santsi idan ya jiƙe, Gay Street kuma gangara ce sosai. Mai saukowa ta kama rigarta ta gefe da hannu guda, mai binta a baya ya bar tazarar taku biyu, domin yawancin rigunan da suka yage a ranar taka su aka yi. 'Yan kallo da masu ɗaukar hoto cike suke a gefen hanya. Wanda ba ya son hotonsa ya yaɗu ya san da haka tun kafin ya shiga layi.

A wannan tafiyar ce mai karatu ke samun abin da shafin littafi bai cika ba shi ba. Bath a jikin tudu take, kuma Austen ta raba wa mutanen labarinta adireshi gwargwadon aljihunsu da girman kansu. A Persuasion, Sir Walter, wanda bashi ya raba da gidan gadonsa amma bai raba shi da taƙama ba, can sama yake haya a Camden Place, inda sai ka yi haki kafin ka isa. 'Yar'uwarsa mai sarauta tana Laura Place, tsallaken gadar Pulteney, unguwar sababbin gine-gine. Admiral Croft da matarsa suna Gay Street, tsaka-tsaki, babu ƙarya babu ƙasƙanci. Gwauruwa matalauciya, Mrs Smith, tana can ƙasa a Westgate Buildings kusa da wuraren wankan ruwan zafi, inda marasa lafiya ke zama. Mai karatun 1818 yana jin sunan titi ya san matsayin mutum. Mu sai da muka hau muka sauka cikin ɗamara da siririn takalmi muka gane nisan da ke tsakanin waɗannan gidajen, da abin da ake nufi idan an ce budurwa 'yar babban gida ta tafi gaida ƙawarta a ƙasan gari.

Rayuwar marubuciyar ma ta bi wannan gangarar. Gidansu na farko shi ne lamba 4 a Sydney Place, gida mai kyau da ke fuskantar lambun shaƙatawa. Mahaifinta, limamin coci mai ritaya, ya rasu a Janairun 1805, kuɗin shigarsa ya tafi tare da shi. Ita da mahaifiyarta da yayarta Cassandra suka koma ɗakunan haya a lamba 25 Gay Street, daga baya Trim Street, suna dogaro da abin da 'yan'uwanta maza ke haɗawa. A shekarun Bath ba ta kammala sabon littafi ko ɗaya ba. Sai da suka samu matsuguni a ƙauyen Chawton a 1809 alƙalaminta ya dawo. Bikin ya fi nuna ƙyale-ƙyalin garin, kuma yana da daɗin kallo, amma tsoron macen da ba ta da gado ba ta da miji shi ne ƙashin bayan littattafan nan, kuma a waɗannan titunan ta ɗanɗana shi.

Bayan zagaye akwai kasuwar biki, inda ake sayar da huluna, safar hannu, mafici, ribon da tsofaffin littattafai. Abin da aka manta a gida a nan ake cike shi. Wanda ke da sarari ya leƙa Pump Room ya ɗanɗani ruwan maɓuɓɓugar da ta tara mutane a garin tun zamanin Rumawa. Da zafin digiri 46 yake fitowa daga ƙasa, ɗanɗanonsa na ƙarfe-ƙarfe, kurɓi biyu sun isa.

Koyon rawa na rana bai kamata a tsallake shi ba, ko da ƙafa ta gaji. Awa ɗaya da rabi ne ko biyu, kuma yawanci rawar da za a yi da dare ake bitawa. Tsarin da aka fi yi shi ne layi biyu masu fuskantar juna, maza a ɗaya mata a ɗaya. Ɓangaren makaɗa shi ne sama. Daga sama ake kama hannu huɗu-huɗu: biyun farko masu fuskantar juna su ne masu lamba ɗaya, na gaba masu lamba biyu, haka har ƙasa. Kiɗan a ƙirge yake, taku takwas-takwas, kuma kowane zagaye yana ƙarewa da masu lamba ɗaya sun sauka gurbi guda, masu lamba biyu sun hau gurbi guda. Akwai mai kira da ke faɗin abin da za a yi kafin lokacinsa: a haɗa hannun dama a tsakiya a juya, a fita ta waje a sauka, a bi tsakiya a dawo, a yi saƙa tsakanin juna. A nan ne ɗinkin da ya matse hammata ke tona kansa.

Inda layi ke rikicewa kusan kullum wuri ɗaya ne. Idan ku biyu kuka kai ƙarshen layi, sama ko ƙasa, babu waɗanda za ku yi da su, sai ku tsaya zagaye guda cur, sannan ku dawo da ɗaya lambar. Wanda ya kasance ɗaya ya zama biyu, motsinsa ya sauya. Sababbi ko dai su ƙi tsayawa su kutsa cikin rukunin da ya riga ya cika, ko su dawo da tsohuwar lambarsu, sai rikicin ya bi layi har sama. Maganinsa shi ne a yi amfani da zagayen hutun a kalli abin da masu sabuwar lambar ke yi. Idan kuma an ɓata a tsakiya, kada a tsaya gyara abin da ya wuce, a koma gurbi a jira farkon taku takwas na gaba. Sabo ya nemi wanda ya iya, kada sababbi biyu su haɗu. Mata sun fi maza yawa nesa ba kusa ba, saboda haka mata da yawa a layin maza suke rawa da ƙawayensu, kuma babu mai ɗaga ido. Wadda ba ta son riƙe hannun namiji ta sani cewa tsarin yana sa a gaisa da kowa a layin, ko da safar hannu a tsakani. Kujeru na nan jere a bango, kallo ma shiga biki ne, kuma akwai masu buga kartar zamanin a wasu liyafofin.

Takalmin rawa marar tudu ne. Ƙasan roba yana kama dabe ya murɗa gwiwa lokacin juyi, sabuwar fata kuma sulɓi take yi a kan gogaggen katako. Fata mai gashi-gashi ta fi, in babu a goga ƙasan da sanfefa. A ɗinka ribon ko siririn maɗauri a kan ƙafa, don takalmin da ya fita a tsakiyar layi sai an gama kiɗa ake samo shi.

Babban zauren taro na garin, Assembly Rooms, an buɗe shi a 1771, ɗakin rawarsa ya kai mita talatin a tsawo, da manyan fitilun ƙarau biyar masu reto. A nan jarumar Northanger Abbey ta shafe dare cikin cunkoso ba ta samu abokin rawa ba. Ba kullum ake samunsa ba, wasu liyafofin a Guildhall ake yi ko wani zauren, don haka a karanta tikiti da kyau. Makaɗa kan kasance uku ko huɗu, fiyano, gogen Turawa da sarewa. Ana cakuɗa rawar layi da ta murabba'i mai mutum takwas, bibbiyu. A zamanin Austen rawa biyu a jere ake yi da mutum guda, kusan rabin awa, kuma daga sama ake farawa, na ƙasa suna tsaye suna jiran ta iso su. Wannan tsayuwar ce kusan kawai damar da saurayi da budurwa ke da ita su yi magana ba tare da kunnen iyaye ba, shi ya sa hirarraki masu nauyi a littattafanta a filin rawa suke. Budurwar da ta ƙi wani kuma ba ta da ikon karɓar wani a wannan rawar, sai ta zauna. Yau kowa a lokaci guda yake farawa, hira sai a lokacin hutu. Zauren yana ɗaukar zafi bayan rawa uku, mai kwat ɗin ulu ya sha ruwa tun kafin ya ji ƙishi.

Abinci na buƙatar tambaya. Farar miyar da aka san liyafar zamanin da ita ana yin ta da romon maraƙi ko kaza, niƙaƙƙen almon, kirim da gwaiduwar ƙwai, amma tsofaffin girke-girke da yawa suna jefa naman alade a romon. Abin sha mai ɗumi da ake kira nigas giya ce da ruwan zafi, sukari da lemon tsami. Kayan zaƙi masu kirim sau da yawa da giya a ciki, masu daskarewa kuma da jelatin. Tun lokacin sayen tikiti ake rubuta abin da mutum ba ya ci, a daren ba a iya sauyawa. Zaɓin marasa cin nama ya fi sauƙi, duk da haka a tambayi batun giya a kayan zaƙi. Shayi da ruwan lemo ba su da matsala. Rana na faɗuwa wajen bakwai da rabi a tsakiyar Satumba, daidai lokacin da liyafa ke kankama, don haka a tsara Magariba tun da wuri. Akwai masallaci a Pierrepont Street, tsakanin tashar jirgi da tsakiyar gari. Doguwar safar hannu mai maɓallai da yawa tana wahalar da alwala, mai zarewa kai tsaye ta fi.

Lahadi ta lacca ce da yawon ƙafa, kuma mutane da yawa suna sake sa kayan jiya. Daga gadar Pulteney a bi Great Pulteney Street har ƙarshe, a ga allon tunawa a bangon lamba 4 Sydney Place, a shiga lambun. Daga nan a haura cocin St Swithin's a Walcot, inda iyayenta suka yi aure a 1764, inda kuma aka binne mahaifinta. Cibiyar Jane Austen tana lamba 40 Gay Street, ba gidan da ta zauna ba ne, titin ne ɗaya. Idan jadawali na da lacca a kan inda dukiyar zamanin ta fito, ta cancanci awa guda. Sukarin da ake zubawa a shayin waɗannan zaurukan bayi 'yan Afirka ne suka noma shi a tsibiran Karibiyan. Birtaniya ta haramta cinikin bayi a 1807, amma bautar kanta sai dokar 1833. Austen ta san da haka: a Mansfield Park arzikin gidan daga gonar Antigua yake zuwa, kuma da jarumar ta yi tambaya a kan cinikin bayi, shiru ne ya biyo baya. Chawton da Winchester suna yankin Hampshire, ba sa shiga rana ɗaya da wannan, sai a ware musu tafiya daban.

Kayan haya ana mayar da su a kan lokaci, bayan an rataye kwat ta sha iska an bi ta da buroshi, ba a wanke ulu da ruwa. Ƙasan farar riga zai dawo da baƙin layi na laka da ciyawa, faɗin yatsa huɗu ko fiye. A bar lakar ta bushe a kakkaɓe, a jiƙa wurin a ruwan sanyi da sabulu na awa biyu, sannan a cuɗa da hannu a hankali. Ruwan zafi yana kama tabon ciyawa ya zauna. Ƙyallen wuya a wanke sitacin ya fita kafin a ajiye, domin sitacin da ya daɗe a ninke yana sa lilin ya yi rawaya a kan layin ninkin, kuma ƙwari na binsa. Hular kaba a cusa mata takarda a ciki, a sa ta a kwali ita kaɗai.